Batirin Zuciya da Wayarsa: Yadda Likitoci Ke Gano Inda Matsala Take

Da yawa daga cikinmu mun taɓa jin an ce, "Ai wane an sa masa batir a zuciya." Maganar tana da gyara kaɗan. Batirin yana cikin wani ɗan akwati ne na ƙarfen titaniyam wanda bai kai akwatin ashana kauri ba, kuma a ƙarƙashin fatar ƙirji ake ajiye shi, kusa da kafaɗa, yawanci ta hagu. Abin da ke shiga cikin zuciyar kanta waya ce siririya, tsawonta kamar santimita 50 zuwa 60, kaurinta kuwa wajen milimita 2. Likita yakan zura ta ta cikin jijiyar jini da ke ƙarƙashin kafaɗa, ta bi jijiyar har ta faɗa cikin ɗakin dama na zuciya, sa'an nan a kafe bakinta a jikin naman. A kan wannan waya nake so mu yi magana, gama ita ce ta fi kowane sashe na na'urar shan wahala, kuma hanyar da ake bi a gano cutarta ba ta wuce abin da 'yan aji biyu na babbar sakandare suke koya a darasin fiziks ba.

Na'urorin iri biyu ne. Ta farko ita ce mai daidaita bugun zuciya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira fesmeka. Ana sa wa mutumin da zuciyarsa ke jinkiri ko tana tsallake bugu. Aikinta biyu ne: ta saurara, in ta ji zuciya ta buga da kanta sai ta yi shiru, in kuwa lokaci ya wuce ba ta ji kome ba sai ta aika da 'yar wuta kaɗan wadda za ta sa naman zuciya ya motsa. An fara dasa irinta a jikin mutum ran 8 ga Oktoba 1958 a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin. Injiniya Rune Elmqvist ne ya ƙera ta, likita Åke Senning ya dasa, majinyacin kuma sunansa Arne Larsson. Na'urar farko 'yan sa'o'i kawai ta yi ta tsaya, amma Larsson ya rayu har shekarar 2001, bayan an canja masa na'ura fiye da sau ashirin. Ta biyu ita ce mai farfaɗo da zuciya, watau difibrileta. Tana yin duk aikin ta farkon, sa'an nan in zuciya ta rikice da mugun gudu irin wanda ke kashe mutum cikin mintoci, sai ta dankara mata wuta mai ƙarfi, wajen jul 35 zuwa 40, domin ta komo hayyacinta. Wannan an fara dasa ta a 1980 a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, bisa aikin likita Michel Mirowski da abokan aikinsa.

To, me ya sa waya ta zama abin damuwa? Ku ɗauki biro ku yi lissafi. Zuciya mai bugawa sau 70 a minti ɗaya tana bugawa sau 100,800 a yini, watau kusan sau miliyan 37 a shekara. Kowane bugu sai ya lanƙwasa wayar. Ku ƙara da numfashi, da ɗaga hannu, da juyi a kan gado. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wayar dutsen guga ke karyewa daidai gindin mariƙi, ko wayar cajar waya daidai bakin kai, ya san abin da yawan lanƙwasa ke yi wa ƙarfe. Akwatin batir in ya tsufa, bayan shekara takwas ko goma ko fiye, ƙaramin aiki ne a buɗe fata a sa sabo. Waya kuwa ana so ta zauna muddin rai, cikin jini mai ɗumi da gishiri, inda ba mai iya leƙa ta.

Tun da ba a iya leƙa ta, sai a yi mata tambaya daga waje. A asibiti akwai wata kwamfuta ta musamman wadda ake ɗora kanta a kan ƙirjin majinyaci, ta yi magana da na'urar ta cikin fata ba tare da an tsaga kome ba. Abu uku ake aunawa. Na farko, ƙarfin siginar da zuciya ke aikowa ta wayar: a ɗakin ƙasa na zuciya ana son ya wuce milibolt 5. Na biyu, mafi ƙarancin wutar da za ta iya sa zuciya ta buga: waya mai lafiya sau da yawa bolt 1 ko ƙasa da haka ya ishe ta, a cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, likita kuma yakan saita na'urar a kan ninki biyu na wannan domin a sami rara. Na uku shi ne turjiya, watau yadda hanyar ke hana wuta wucewa, wadda ake aunawa da om. Yawancin wayoyi suna tsakanin om 300 da 1,500.

A nan ne Dokar Om ke shigowa, wadda ta ce yawan wutar da ke gudana daidai yake da bolt in an raba shi da turjiya. Mu ce na'ura tana ba da bolt 2.5, turjiyar waya kuma om 500 ce. Wutar da ke gudana miliamfiya 5 ke nan. Yanzu a ce ƙarfen cikin wayar ya tsage, bakin biyu suna ɗan taɓa juna kawai. Hanya ta ƙuntata, turjiya ta haura zuwa om 2,500, wutar da ke wucewa ta koma miliamfiya 1. Na'urar tana aikawa, zuciya ba ta amsawa. Majinyaci sai ya fara jin jiri, ko ya yanke jiki ya faɗi, kamar yadda yake yi kafin a sa masa na'urar. Akasin haka kuma, a ce ƙarfen lafiyarsa lau amma robar da ta lulluɓe shi ce ta huje. Wuta ta sami gajeriyar hanya ta zurare cikin jini ko nama, turjiya ta faɗo zuwa om 200, na'urar na zubar da miliamfiya 12.5. Batir zai ƙare da wuri, kuma duk da wannan ɓarna, abin da ke isa bakin wayar bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci wutar da ta zurare takan sa naman ƙirji ya riƙa zillo a kusa da akwatin.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice: turjiya ta hau, a zargi karyewar ƙarfe, turjiya ta sauka, a zargi hujewar roba. Amma likitan kirki ba ya tsayawa a kan lambar rana ɗaya. Na'urorin yanzu suna auna turjiya da kansu kullum su ajiye, saboda haka ana iya ganin tarihin watanni a kan allo. Wayar da ta shekara biyar a kan om 450 sa'an nan ta yi tsalle zuwa 1,100 cikin dare ɗaya abin tsoro ce, ko da yake 1,100 na cikin iyakar da littafi ya yarda. Wadda kuwa take hawa sannu sannu cikin shekaru, sau da yawa tabo ne ko ƙanƙarar alli da ta taru a bakinta, kuma akan bar ta a ci gaba da sa ido. A ganina wannan shi ne darasi mafi amfani ga ɗalibin kimiyya a cikin batun duka. Awo ɗaya tak ba ya gaya maka kome sai ka san abin da aka samu jiya.

Wahalar ita ce karyayyiyar waya tana da wayo. In majinyaci na kwance shiru a gadon asibiti, bakin ƙarfen biyu sukan haɗu, awo ya fito daidai. Saboda haka sai likita ya tsokane ta. Ya ce wa majinyaci ya ɗaga hannu sama, ya kai shi baya, ya haɗa tafin hannuwansa ya matsa da ƙarfi, shi kuma ya danna fatar da ke kan akwatin, duk yana kallon allo. In layin ya cika da ƙazamin zane a daidai lokacin da hannu ya motsa, to an kama ɓarawo. Mai gyaran rediyo a bakin kasuwa haka yake yi in yana jijjiga waya yana sauraron inda sauti ke yankewa. Bayan haka sai hoton ƙirji. Wurin da aka fi duba shi ne tsakanin ƙashin da ya gicciye daga gindin wuya zuwa kafaɗa da ƙashin haƙarƙari na farko. Rata ce 'yar ƙarama, kuma in wayar ta ratsa ta wurin, ƙasusuwan biyu sukan riƙa murje ta kamar almakashi duk sa'ad da kafaɗa ta motsa. Domin guje wa wannan ne likitoci da yawa suka koma shigar da waya ta jijiyoyin da ke can wajen kafaɗa.

Ba kowace matsala ba ce laifin wayar kanta. Inda waya ke shiga cikin akwati akwai ɗan sukuru da ke riƙe ta. In ba a ɗaure shi sosai ba, ko ba a tura kan wayar har ƙurya ba, alamun za su yi kama da na karyewa: turjiya ta hau, allo ya cika da hayaniya. Abin da ke tona asirinsa shi ne lokaci. Matsalar da ta ɓullo kwana kaɗan ko 'yan watanni bayan aiki, musamman bayan canjin batir, a fara zargin sukuru. Gyaransa kuwa a buɗe fata a ɗaure ne kawai, kuma abin takaici ne a cire lafiyayyiyar waya saboda sukuru.

Akwai kuma gocewa. A makonnin farko, kafin nama ya kama bakin wayar, tana iya zamewa daga inda aka kafe ta. A nan turjiya takan kasance kusan daidai, gama ƙarfe da roba ba abin da ya same su, amma sigina ya ragu kuma wutar da ake bukata ta ƙaru. Hoton ƙirji in aka gwada shi da na ranar aiki zai nuna bakin ya canja wuri. Shi ya sa ake hana majinyaci ɗaukar kaya masu nauyi da wurga hannu sama na wajen mako huɗu zuwa shida. A wurinmu wannan yana nufin ban da daka, ban da faskare, ban da jan guga a rijiya. Wani lokaci bakin wayar yakan huda bangon zuciya. Alamarsa ciwon ƙirji mai suka, ko shaƙuwa mai zuwa daidai da bugun na'urar, domin wutar tana taɓa naman da ya raba ƙirji da ciki. Wannan na gaggawa ne, gama jini na iya taruwa kewaye da zuciya. Wani abin mamaki kuma, wanda aka fara bayyanawa a 1968, shi ne majinyacin da ke wasa da akwatin ta kan fata, yana juya shi da yatsa ba tare da ya lura ba. Akwatin sai ya naɗe wayar kamar zare a jikin mazari har ya fizgo ta daga zuciya. An fi ganinsa ga tsofaffi waɗanda fatarsu ta saki.

Kada kuma a manta da jikin majinyacin. In gishirin fotasiyam ya yi yawa a jini, kamar yadda yakan faru ga mai ciwon ƙoda, ko an ba mutum wasu magungunan zuciya irin su filekenayid, naman zuciya yakan ƙi amsa wutar da a dā take isarsa. Waya lafiya, batir lafiya, maganin yana ga awon jini.

Yanzu mu zo ga difibrileta, inda abin ya fi muni. Ita kullum tana ƙirga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. In bakin karyayyen ƙarfe suna haɗuwa suna rabuwa, kowace haɗuwa takan haifar da ɗan tartsatsi wanda na'urar ke ƙirgawa a matsayin bugun zuciya. Sai ta ga kamar zuciya na gudun mutuwa, ta tara wuta ta dankara wa mutumin da ke zaune lafiya yana cin tuwo. Waɗanda abin ya taɓa samu sukan kwatanta shi da harbin doki a ƙirji. Da yake hayaniyar ba ta daina ba, na'urar takan sake, ta kuma sake, wani ya sha sau goma ko fiye a cikin sa'a guda yana farke. Yadda ake ganewa shi ne a buɗe abin da na'urar ta ajiye. In an ga tazara gajeriya kamar kashi 130 cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya yi daidai da bugu 460 a minti, an san ba aikin zuciya ba ne. Sa'an nan a gwada da zanen da aka ɗauka ta wata hanyar dabam, tsakanin akwati da naɗin ƙarfen da ke ba da babbar wuta. In wannan ya nuna zuciya na tafiya a natse yayin da ɗayan ke hauka, laifin na waya ne. In kuwa hayaniyar ta bayyana a dukan hanyoyin lokaci guda, daga waje ta zo: injin walda, ko babban janareta da aka jingina da shi, ko kayan wuta da ke ja saboda ba a haɗa su da ƙasa ba. A nan tambayar "ina kake, me kake yi a lokacin?" ta fi kowane awo amfani.

A ɗakin gaggawa, ma'aikata sukan ɗora maganaɗisu na musamman a kan akwatin. A jikin difibrileta yana dakatar da dankarar wutar muddin yana wurin, a jikin fesmeka kuwa yana sa ta riƙa bugawa a kai a kai ba tare da sauraro ba. Wannan aikin asibiti ne, inda ake kallon zuciya a allo. Wanda ya yi shi a gida ya kashe mai gadin ne alhali bai san ko ɓarawon gaske ne a ƙofa ba.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A watan Oktoba 2007 kamfanin Medtronic ya janye wayarsa mai suna Sprint Fidelis daga kasuwa, bayan an riga an dasa wajen 268,000. An yi ta siririya domin ta yi sauƙin shiga jijiya, sai ga shi tana karyewa fiye da sauran, mutane da yawa kuma suka sha wuta ba dalili. A 2008 kamfanin ya fito da wani gyara na manhaja wanda ake zuba wa na'urar ta kan fata. In ta ga alamun karyewa sai ta yi ƙara domin majinyaci ya ji, ta kuma ƙara haƙuri kafin ta saki wuta, ta jira sai bugu 30 cikin 40 sun nuna gudu. Ba a daɗe ba sai ga matsalar wayar Riata ta kamfanin St. Jude Medical, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa a sahun kaya masu hatsari a Disamba 2011. Ita kuma ƙananan wayoyin cikinta ne suke cin robar daga ciki har su fito waje. Abin lura shi ne da yawansu awon turjiya bai nuna kome ba, domin kowace ƙaramar waya tana da tata 'yar rigar. Sai da hoto mai motsi aka gan su. Dokar Om gaskiya ce, amma abin da mita ta taɓa kaɗai take iya faɗa.

In an tabbatar waya ta lalace, me za a yi? Wani lokaci akan sayi lokaci da saiti. Yawancin wayoyin fesmeka ƙarfe biyu ne a ciki, kuma in na waje ne ya karye ana iya umartar na'urar ta yi amfani da na ciki, jikin akwatin ya zama hanyar komowar wuta. Ko a ƙara bolt, batir ya biya kuɗin. Gyara na dindindin kuwa sabuwar waya ce, daga nan sai babbar tambaya ta taso: a bar tsohuwar a ciki, ko a cire?

Mai karatu zai ce ai cirewa ta fi. Ba haka abin yake da sauƙi ba. Wayar da ta shekara goma ta riga ta manne da bangon jijiya da na zuciya, tabo ya naɗe ta kamar yadda itace ke haɗiye wayar shinge da aka ɗaura masa. Fizgar ta na iya yaga babbar jijiyar da ke shiga zuciya daga sama, jini kuma ya ƙare cikin mintoci. Ana yin aikin da wani bututu da ake zurawa a kan wayar, mai yanka tabon da hasken leza ko da haƙoran ƙarfe masu juyawa, likitan fiɗar zuciya kuma yana tsaye a shirye. A manyan cibiyoyi, mummunar matsala takan auku ga mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari. An ga misalin wannan tun 1994, sa'ad da aka janye wayar Accufix ta kamfanin Telectronics domin wani ɗan ƙarfe a cikinta yakan karye ya soki zuciya. Tsoro ya sa aka yi ta cirewa, daga baya bincike ya nuna cewa ga mutane da yawa, musamman tsofaffi, hatsarin cirewar ya fi na bari da sa ido. Saboda haka tsoho ɗan shekara 80 sau da yawa akan toshe kan tsohuwar a bar ta, a sa sabuwa a gefenta. Matashi kuwa wanda zai bukaci wayoyi da yawa nan gaba, akan fi karkata ga cirewa kada jijiyarsa ta cushe. Wuri ɗaya ne ba a gardama: in ƙwayoyin cuta sun kama na'urar, fata ta yi ja tana fitar da mugunya, ko akwatin ya fara leƙowa, to dole a fitar da kome da kome, gama maganin rigakafin ƙwayoyi shi kaɗai ba ya wanke roba da ƙarfe.

Ga iyalan da ke da mai irin wannan na'ura a gida, ga abin da ya kamata a riƙe. Suma, ko jiri mai komowa, ko shaƙuwa marar tsayawa, ko ƙara daga ƙirji, duk dalilan zuwa asibiti ne ba jinkiri. Wuta sau ɗaya kuma mutum ya ji garau, a sanar da likita a ranar. Sau biyu ko fiye a yini guda, a tafi nan take. Wanda ke riƙe da majinyaci a lokacin da wutar ta sauka ba abin da zai same shi sai ɗan tsiriri a hannu, saboda haka kada tsoro ya hana a taimake shi. Wayar salula a riƙa sa ta a kunnen ɗaya gefen, kada a ajiye ta a aljihun da ke kan akwatin. Tazarar santimita 15 ta isa. Sa'an nan katin da aka bayar ranar aiki, mai sunan kamfani da lambar na'ura da ta waya, a adana shi kamar takardar gona. Kowane kamfani da irin kwamfutar awonsa, ta wannan ba ta saita na'urar wancan. Mutumin da aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ya komo gida, ya kamata tun yana lafiya ya nemi asibitin da ke da kwamfutar kamfaninsa, kada ya bari sai ranar da wuta ta fara sauka.

Masu ƙira kuma sun nemi hanyar rabuwa da wayar gaba ɗaya. A 2012 Amurka ta amince da difibrileta wadda wayarta ke kwance a ƙarƙashin fata kusa da ƙashin ƙirji, ba ta shiga jijiya ko zuciya, saboda haka cire ta ba shi da irin wancan hatsari. Sai dai ba ta iya aikin daidaita bugu na yau da kullum. A 2016 aka amince da Micra, fesmeka marar waya mai nauyin giram 2, tsawonta bai kai santimita 3 ba, wadda ake turawa ta jijiyar cinya a kafe ta cikin zuciyar kanta, batir da kome. A 2023 kuma aka amince da Aveir mai guda biyu, ɗaya a ɗakin sama ɗaya a na ƙasa, suna aika wa juna saƙo ta cikin jini. Tsadarsu ta ninka ta na'ura mai waya, kuma in batirinsu ya ƙare bayan shekara goma ko fiye, likita zai zaɓa ko ya ciro tsohuwar daga cikin zuciya ko ya kashe ta ya kafa sabuwa kusa da ita.